Ƙwallon da Na Sa Baba Ya Shuka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na gonar nan. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka daga faɗowa daga bishiya da sharrin mai sharri, ya sa wa guminka albarka. Na san da ganin wannan rubutu mai kama da sawun kaji ka gane mai shi, kuma ka fara cewa yau kuma me Auta ya ɓallo. To, ka yi haƙuri da rubutun, kai ka koya mini shi da allin ɗinki a bayan kwali, ni kuwa ka san iyakata allo da tawada. Ka yi haƙuri da ɓallowar ma, don wannan karon na ɓallo babba.

Mutanen gida kowa lafiya, sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa famfon bakin layi da kanta, ko da yake ina zargin hira ke kai ta ba ruwa ba. Gwaggo tana nan yadda ka bar ta, kullum da abin da ke mata ciwo, kuma kullum ita ke fara miƙa kwano. Akuyar Inna ta haifi biyu, ɗaya baƙi ɗaya mai tabo a goshi. Shago ana ta lallaɓawa, ni ne a kan maɓalli da kalmasa da guga, har yau Baba bai yarda ya ba ni almakashi na yanka yadin mutane ba. Shi kuwa Baban, hawan jinin nan ya taɓa shi da damina, ya faɗi a kan keke yana cikin ɗinki. Ma'aikaciyar asibiti ta ba shi ƙwayoyi, ta kuma ja ni gefe ta ce a kiyaye ɓata masa rai da ba shi labari mai firgitarwa. Ka riƙe wannan maganar tata a ranka, don saboda ita nake kasa cin abinci kwanan nan.

Kwalin da ka aiko da shi ya iso wata biyu ke nan, ranar wata Laraba da hantsi. Direba ya dire shi a ƙofar shago ya ce daga wurinka ne, sai keken Baba ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da tafiya kamar bai ji ba. Shekara uku ke nan ba a ambaci sunanka a gabansa ba, tun ranar da ka ce ba za ka tsufa a kan keken ɗinki ba shi kuma ya ce in ka fita kada ka dawo. Na kinkimi kwalin na shiga da shi gida, Inna ta yanke igiyar. Muka tarar da waɗansu abubuwa guda goma sha biyu, kore shar, masu wuya kamar ƙaramar buta, da tauri kamar dutsen guga. Ba mangwaro ba, ba gwaiba ba, ba gwanda ba. Inna ta shinshina ta ce ba ƙamshi, Gwaggo ta ƙwanƙwasa ɗaya a bango ta ce wannan ko ɓarawo aka jefa da shi sai ya suma. Kafin a jima maƙwabta sun cika tsakar gida, har Baba ma ya shigo wai ya zo neman zare baƙi, alhali ka san ba a ajiye zare a cikin gida. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakinsa yana ta fama da allura.

Takardarka tana ƙarƙashin kwalin, aka miƙo mini tunda ni ne makarancin gidan. Na karanta a zuciyata tukuna. Layi bakwai ne kacal: gaisuwa ga Inna da Gwaggo da ni, sai bayanin cewa a ajiye 'ya'yan itacen har su yi laushi, a tsaga, a cire ƙwallon, a ci da ɗan gishiri ko sukari. To ka san halina. Da na ɗaga kai na ga Gwaggo ta matso tana haɗiyar yawu, sai shaiɗan ya raɗa mini, na tsallake layin laushin nan. Na ce wai ka ce a ci nan take tun da ɗanyensa, kuma wai babbar mace a gidan ita za ta fara, don ita ta fi kowa albarkar baki. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta ce ai ta san ɗanta ba zai manta da ita ba, ta yi bisimilla ta kafa masa haƙori. Yaya, da ka ga fuskarta. Ta yi ta kokawa da shi har ta ɓanƙaro ɗan guntu, ta tauna sau biyu, ta ce wannan ai sabulu ne aka yi wa fenti. Mata suka yi ta dariya har da masu riƙe ciki, ni kuwa ina ta ƙara gishiri, ina cewa wai ka ce ɗacin shi ne maganin.

Ana cikin wannan dariya ne Inna ta tambaye ni a hankali, ko ba ka ce komai a kan babanka ba. Nan take kowa ya juyo yana kallona. Na dubi takardar, na san babu, ko harafi ɗaya babu. Na dubi Baba, ya daina neman kafar allura, ya sunkuyar da kai yana jira. Wallahi ban shirya ba, bakina ne da ya riga ya yi zafi ya ci gaba da gudu shi kaɗai. Na ji kaina ina cewa ai ga shi nan a ƙasa, wai ka ce a ba Baba ƙwallon ya shuka da hannunsa, ranar da ya fitar da ganye kai kuma za ka kamo hanyar gida. Na faɗa da muryar wasa, ina tsammanin za a sake fashewa da dariya a ce Auta ya fara. Ba wanda ya yi dariya. Inna ta rufe fuska da gefen mayafi, matar mai shayi ta ce Allahu akbar. Baba ya miƙe, ya karɓi takardar daga hannuna, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, ya koma shago.

Su 'ya'yan itacen kuwa sun sha wahala a hannunmu, kuma laifina ne, don bayan abin da ya faru ban da bakin da zan ce na tsallake layi. Inna ta dafa uku kamar dankali, suka fito da ɗaci ninki biyu, ko akuya ta ƙi. Mai shayi ya karɓi ɗaya ya gasa a bakin murhunsa, ya ɗanɗana ya tofar, ya ce mutanen da ke cin wannan lalle suna da haƙuri. Daga nan unguwa ta sa masa suna Ɗan Taurin Kai, wasu kuma su ce ai halin mai aikowa ya ɗauko. Sauran Inna ta zuba a kwandon ƙyallaye ta manta. Bayan kwana shida na je neman ƙyalle na tarar sun yi duhu sun yi laushi, Inna ta ce sun ruɓe a zubar. Ni da na san gaskiya na tsaga ɗaya a gabansu, na barbaɗa gishiri, na yi kamar dabarata ce. Ciki kore-kore ne da ruwan ƙwai, santsi kamar man shanu, ba zaƙi ba tsami, sai wani daɗi mai nauyi da ke zama a harshe. Na shafa a burodi na ba Inna, ta ce ashe abin kirki ne muka yi ta azabtarwa. Gwaggo ta rantse ba za ta sake taɓawa ba, sannan ta cinye biyu.

Baba bai ci ko loma ba, ƙwallayen kawai ya bi ya tsince. Ya zaɓi uku masu kyau, ya wanke su kamar za a kai su gaban alƙali, ya haƙa rami uku a bayan shago wurin da inuwar katanga ke faɗawa da rana. Ya zuba taki, ya kewaye da tsohuwar ragar waya saboda awaki, ya ɗaure ƙofar da tsummokin yadi. Tun daga ranar, kafin ya buɗe shago sai ya je da buta, in ya rufe ma sai ya je. Mutumin da sai an yi faɗa da shi kafin ya sha magani, yanzu shi ke tuna mini lokacin ƙwaya. Ya fara cinye abincinsa. Har waƙe-waƙen nan nasa na ƙasa-ƙasa da yake yi in yana taka keke sun dawo. Bai taɓa ambatar sunanka ba har yanzu, sai dai ya ce mai ƙwallon nan. Ni kuwa na kwantar da raina da cewa ƙasarmu ba irin taku ba ce, abin ba zai fito ba, a hankali maganar za ta bi iska. Da biyu suka ruɓe ya tono su baƙi ƙirin, Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Saura ɗaya.

Ka san unguwarmu, ba a yin abu a ɓoye. Zancen ya bi layin famfo, ya shiga wurin mai aski, ya zauna a bencin mai shayi ya ƙi tashi. Yanzu duk wanda ya kawo ɗinki sai ya fara leƙa bayan shago kafin a gwada shi. Mai aski ya ce shi ya san irin itacen nan, wai sai an yi masa magana yake fitowa, don haka kullum in zai wuce sai ya durƙusa ya gaishe da rami. Mai gyaran keke ya kawo tsohuwar taya aka zagaye ramin da ita. Matar mai shayi tana aiko da ruwan wankin shinkafa wai yana sa tsiro ƙiba. Rannan akuyar maƙwabta ta tura kai cikin ragar, mutum biyar suka bi ta da gudu har da liman, yana riƙe da bakin riga. Da a ce wani ne ya shirya wannan wasan da na yi dariya har na faɗi. Amma duk wanda ya dafa kafaɗata ya ce Auta an kusa ganin Yaya, sai in sunkuyar da kai in koma kan maɓallaina.

Ranar da na fi shan tsoro ita ce ranar da malamin firamare ya kawo wandonsa a rage masa tsawo. Ka san shi da karanta duk abin da ya gani, ko takardar ƙunshin sabulu ce. Suna cikin hira sai na ga hannun Baba ya tafi aljihun gaba, yana cewa bari malam ya ga irin rubutun yaron nan. Ban san lokacin da na ture gwangwanin maɓallai ba. Suka watse ko'ina, ƙarƙashin keke, cikin takalmin malam, har bakin titi. Baba ya yi ta faɗa yana cewa hannuna kamar na mai farfaɗiya, muka duƙa mu uku muna tsinta, har aka kira salla maganar takarda ta wuce. Na sha da ƙyar, amma malam zai dawo karɓar wandonsa ranar Asabar, kuma ba kullum zan riƙa zubar da maɓalli ba.

Zan gaya maka wani abin da ban gaya wa kowa ba. Makon jiya da azahar, Baba ya tafi masallaci na ce zan biyo shi, sai na zagaya bayan shago da cokali. Niyyata in tono ƙwallon in jefa a rijiya, a ce ɓera ne, kowa ya huta. Na kwance tsumman, na tona a hankali, sai na tarar ƙwallon ya tsage biyu, farar saiwa ta nutsa ƙasa, wani ɗan abu ja-ja kamar tsinken allura yana turowa sama. Na tsuguna a wurin ina kallonsa, ga sawun gwiwar Baba nan a ƙasa inda yake durƙusawa kullum. Na kasa. Na mayar da ƙasar, na yayyafa ruwa don kada a gane, na tafi masallaci na sami raka'ar ƙarshe. Ko a makarantar allo, ranar da na sa wa malam ƙwaro a cikin tawada aka kama ni, ban ji irin wannan faɗuwar gaba ba.

Inna ta gane. Ina guga a tsakar gida shekaranjiya ta zo ta zauna kusa da ni tana tsince shinkafa, ta ce ita ba ta iya karatu ba amma ta iya ganin tsawon rubutu, takardar nan ta yi ƙanƙanta da yawan maganar da na fitar daga cikinta. Na bar dutsen guga wuri ɗaya har na kusa ƙona rigar mutane. Sai na faɗa mata duka. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ba za ta gaya wa Baba ba, don ba za ta iya ɗaukar abin da zai biyo baya ba, kuma ba za ta taya ni ƙarya ba. Ta ce mutum ɗaya ne a duniya zai iya mayar da maganar nan gaskiya, in rubuta masa. Ta kuma ce in gaya maka ita ba ta roƙe ka ba, amma ta faɗi hakan ne tana share ido da bayan hannu.

To jiya da safe abin ya faru. Ina share shago na ji Baba yana ƙwala mini kira daga baya, irin kiran da ban taɓa ji daga bakinsa ba, har na ɗauka faɗuwa ya sake yi. Na tarar da shi durƙushe, butar ta kife a gefe ruwa na zuba. Tsiron ya kai tsawon ɗan yatsa, a kansa ga ganye biyu ƙanana, ja-ja masu sheƙi. Kafin hantsi rabin unguwa sun zo gani, mai shayi ya ba kowa shayi kyauta, mai aski yana ta cewa gaisuwarsa ce ta yi aiki. Da mutane suka watse Baba ya zauna a kan keke bai taka ba. Ya ce in ɗauko takarda da biro in rubuta maka, kuma in rubuta daidai yadda ya faɗa, kada in ƙara kada in rage. Ya daɗe yana murza tef ɗin awo a hannu kafin ya yi magana. Ga abin da ya ce, kuma Allah ne shaidata wannan karon ko ɗigo ban taɓa ba: Ka ce masa ya fito, ganye biyu. Ka ce masa ba sai ya taɓa keke ba. Ka ce masa ya faɗi ranar, in sa a gyara ƙofar ɗakinsa.

Yaya, ni dai na yi laifi, kuma na san ba ni da bakin roƙo. Na sa maka magana a baki wadda ba ka faɗa ba, a gaban mahaifinka da rabin unguwa. In ka zo ka kama kunnena ka zagaya layin nan da ni, ba zan ce wayyo ba. Ban san abin da ke ranka ba, wataƙila har yanzu maganar da ya faɗa maka ranar nan tana ci maka rai, kuma ba zan ce ba ka da gaskiya ba. Amma mutumin da ya aiko da kwali tun daga wannan nisa, ya jera guda goma sha biyu a cikin ciyawa don kada su fashe, ban yarda ya manta da hanyar gida ba. In za ka zo, ko na kwana biyu ne, ka rubuto ranar. In ba za ka zo ba, ka rubuta wa Baba da kanka, da sunansa a sama, ka faɗa masa dalilinka da taushi, ni kuma zan fara faɗa masa abin da na yi kafin in karanta, a gaban Inna, da ƙwayoyinsa a kusa. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka yi shiru. Direba zai taso daga wajenku ranar Alhamis ta sama, kuma Baba ya riga ya tambaye shi ƙarfe nawa yake isowa.

Inna tana gaishe ka ƙwarai, ta ce ka riƙa rufe ƙirjinka in kuna fita da sassafe. Gwaggo tana gaisuwa, ta ce haƙorinta na gaba yana girgiɗi tun ranar nan kuma kai za ta kama, ban gaya mata ni ne ba, wannan ma ka rufa mini asiri. Mai shayi da matarsa, da mai aski, da mai gyaran keke, da liman, duk sun ce a gaishe ka, kuma kowannensu ya ce sai ka zo. Ka gaishe mini da maigidanka na gona da duk wanda ke kyautata maka a can. Allah ya tsare, ya sa mu gana da alheri.

Gaisuwar Baba ban sa ta a nan ba, don bai ce in sa ba, kuma na daina.

Ni ne ƙaninka mai jiran amsa da kunnensa a hannu,
Auta